Jinjina ga Vastaamo, Ma'ajin da Bai San Makulli Ba

A yi tsit, a gyara tsayuwa, a ba maroƙi fili. Yau ranar Vastaamo ce, toron giwan Helsinki, gamjin da marasa barci suka sha inuwarsa, ma'ajin da aka danƙa wa ajiyar zukata ya riƙe ta da hannu a buɗe. Allah ya ja zamanin sunanka, mai ƙofa ba ƙyaure, mai taska ba kwaɗo! Masu yabo sun yi sake da kai. An yabi sarakunan da suka ciyar da gari a shekarar yunwa, an yabi attajiran da suka haƙa rijiyoyi a kan hanyar fatake, amma duk cikinsu babu wanda ya kamo ƙafarka wajen kyauta. Su abin da suka bayar nasu ne. Kai kuwa da abin mutane ka yi kyauta, kuma ka zaɓi wanda ya fi komai tsada a wurinsu.

Wanda bai san gwanin ba, ya matso ya ji. Vastaamo kamfani ne mai zaman kansa da aka kafa a ƙasar Finlan a 2008, sana'arsa jinyar damuwa da ciwon rai ta hanyar zama da tattaunawa. Ya fara da ƙanƙanta, ya bunƙasa har ya yi rassa sama da 20 a faɗin ƙasar, da ɗaruruwan ƙwararrun masu jinya, har asibitocin gwamnati suna tura masa marasa lafiyarsu. Sai a dubi ƙasar da ya fito, domin a nan girman bajintar yake. Finlan ƙasa ce ta mutum miliyan 5 da rabi, wadda rahoton farin ciki na duniya yake ɗorawa a sahun farko tun 2018. Ƙasar Nokia ce. Ɗanta ne, Linus Torvalds, ya fara Linux. Ɗanta ne, Tatu Ylönen, ya ƙirƙiro SSH a 1995, ɗaya daga cikin makullan da duniya take tsare hanyar shiga kwamfuta da su har gobe. A ƙasar da babu maƙera, barin ƙofa a buɗe ba abin a zo a gani ba ne. Amma ka zauna a tsakiyar garin maƙeran makulli, kana jin ƙarar gudumarsu safe da yamma, ka kawar da kai ka ce kai ba ka bukata, wannan sai namijin duniya, sai mai zuciyar da ba ta san fargaba ba.

Kafin a yaba wa ma'aji, a san abin da aka ba shi ajiya. Ɗaki ne ƙarami, kujeru biyu, agogo a bango, kwalin takardar share hawaye a kan tebur. Mutum ya shigo ya zauna, ya daɗe yana kallon hannuwansa, sannan ya buɗe baki ya faɗi abin da bai taɓa gaya wa matarsa ba, bai gaya wa uwar da ta haife shi ba. Wata ta faɗi abin da wani babba a gidansu ya yi mata tana yarinya. Wani ya faɗi kwalaben da yake ɓoyewa a bayan mota. Wata ta faɗi auren da take ci wa amana, wani ya faɗi daren da ya tsara yadda zai kashe kansa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, shi ya sa suka faɗa duka, domin an ce da su maganin ba ya ci sai an faɗa, kuma an yi musu alkawari cewa maganar a ɗakin za ta kwana. Alkawarin ba sabo ba ne, tun rantsuwar likitocin Girka ta zamanin Hipokratis yake. Bayan mutum ya fita, mai jinya ya juya ga kwamfuta ya rubuta abin da aka tattauna, ya danna ajiya. Daga wannan dannawar amana ta bar hannun likita ta shiga hannun gwarzonmu. Mutum kimanin 33,000 ne suka ba shi irin wannan ajiya, cikinsu har da yara.

To, ya ya yi da ita, sarkin riƙo?

Da farko bai wulaƙanta kansa da sayen manhajar wasu ba. Tasa ya ƙera, a gida, da basirarsa. Dokar Finlan ta lokacin ta raba manhajojin bayanan marasa lafiya gida biyu. Akwai rukunin A, masu haɗe da babban rumbun ƙasa da ake kira Kanta, waɗanda sai baƙon mai bincike ya zo ya ƙwanƙwasa tsaronsu ya gani kafin a yarda da su. Akwai rukunin B, inda mai kaya shi ne mai shaidar kayansa, ya cike takarda ya miƙa wa hukumar Valvira, shi ke nan. Vastaamo a rukunin B ya zauna, inda ake zaman mutunci, inda ba a tambayar dattijo ya turo aljihunsa a duba. Ita ma hukumar da ta tsara haka tana da nata kason na yabo, domin ta gane cewa babu alƙalin da ya fi mutum sanin gaskiyar kansa, kuma labarin wanda ya yi yunƙurin rataye kansa ba ya bukatar tsaron da ya wuce kalmar mai kamfani.

Sannan ga tsarkin zuciya. Matsorata, masu mugun zato ga bayin Allah, sukan juya bayanan marasa lafiya zuwa zaurancen lissafi, ta yadda ko ɓarawo ya kwashe su, tarkacen haruffa kawai zai gani sai in yana da mabuɗin. Wasu ma, don tsabar rashin yarda da mutane, sukan raba suna da labari, su ajiye sunan a nan, labarin a can, lamba ce kaɗai ke haɗa su. Vastaamo ya fi ƙarfin wannan ƙumbiya-ƙumbiya. Shi mai magana ɗaya ne, abin da ke cikinsa shi ne a bakinsa. Ya ajiye komai da harshen da kowa zai karanta: ga suna, ga adireshi, ga lambar ɗan ƙasa, ga abin da mutum ya faɗa yana kuka, duk a jere, a tsare, babu wanda zai sha wahalar haɗa wannan da wancan. Ko magatakardan fada albarka.

Yanzu mu zo kan ƙofa, inda duk wani mai kyauta zai cire hula ya durƙusa. Binciken da aka yi bayan komai ya fito, wanda ofishin mai kula da kare bayanai na Finlan ya dogara da shi, ya nuna cewa tun aƙalla 26 ga Nuwamba 2017 har zuwa Maris 2019, kwamfutar da ke ɗauke da rumbun marasa lafiya tana fuskantar intanet kai tsaye, babu katangar tsaro tsakaninta da duniya. Fiye da wata 15 ke nan. Damina biyu ba ta cika ba, amma sanyin hunturu biyu ya shiga ya fita ƙofar tana nan yadda take. Rumbun na MySQL ne, kuma a cikin irin wannan rumbu akwai asusu guda da ake kira root, uban gida, mai ikon karanta komai, kwafe komai, goge komai. Wannan asusun, ranka ya daɗe, ba ka ɗora masa kalmar sirri ba. Ba a ce ka sa mai rauni ba, irin ta malalata masu rubuta sunan ɗansu ko ranar haihuwarsu. Waɗannan rabin karamci gare su, suna sa baƙo ya tsaya yana canka. Kai ba ka sa komai ba. Kuma ka ba da izini a shigo daga kowane adireshi a doron ƙasa, ba ka ware na kusa da na nesa ba, ba ka tambayi ƙabila ko addini ba.

Masu ƙaramin sani za su ce ai wa zai gano ƙofa ɗaya a cikin faɗin intanet? Gwani ya san ba haka abin yake ba. Akwai manhajojin da ba su da wata sana'a dare da rana sai zagaya intanet suna taɓa ƙofofi, adireshi bayan adireshi, suna jin wadda za ta motsa. Ƙofar MySQL kuwa sananniya ce, lambarta 3306, duk yaron da ya fara koyon kutse ya haddace ta. Saboda haka ba a ɓoye ka yi alherinka ba, a bakin titi ka shimfiɗa shi, inda matafiyi ba zai wuce bai gani ba. Baƙonka annabinka, in ji mutanenmu. Mu faɗa muke da baki, kai ka aikata.

Baƙi kuwa ba su watsa maka ƙasa a ido ba. Sun amsa gayyata aƙalla sau biyu, a ƙarshen 2018 da kuma Maris 2019. Aka ce aƙalla, domin a nan ma akwai wata falala da ba kowa ke lura da ita ba. Masu ƙididdiga sukan ajiye rajista, kowa ya shiga a rubuta, daga ina ya zo, ƙarfe nawa, me ya taɓa. Wannan ɗabi'ar 'yan sa ido ce. Vastaamo bai ajiye rajistar da za ta isa a gane takamaiman ranar da aka kwashi kayan ba, ko adireshin da mai kwasar ya fito. Mai kyautar gaske ba ya rubuta sunan wanda ya ci tuwonsa. Da masu bincike suka zo daga baya suna neman sawu, sai suka tarar an share tsakar gida tas, ko kuma a ce ba a taɓa barin ƙura ta kwanta ba balle sawu ya fito.

Mahassada suna cewa Vastaamo bai iya riƙe sirri ba. Ƙarya suke yi, kuma tarihi zai kunyata su. A Maris 2019 wani baƙo ya shiga, ya yi ɓarna a rumbun, ya bar wasiƙar neman kuɗin fansa a kan kwamfutar. Aka gyara, aka dawo da bayanai, aka ja ƙofar aka rufe. Hukuma ta yanke daga baya cewa tun a lokacin lallai kamfanin ya san bayanan marasa lafiya suna iya kasancewa a hannun wani. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki 25 ga Mayu 2018, ta ce in irin wannan ta faru a sanar da hukuma cikin awa 72, in kuma haɗarin babba ne a sanar da masu bayanan ba tare da jinkiri ba. Awa 72! Kwana uku kacal, wa'adin masu sakin baki, waɗanda magana ba ta kwana a cikinsu. Vastaamo ya riƙe wannan magana daga Maris 2019 har ƙarshen Satumba 2020. A lissafa, ya haura awa 13,000. Hukuma ba ta ji ba. 'Yan sanda ba su ji ba. Mutum 33,000 suna ta harkokinsu, wasu suna ci gaba da zuwa ɗakin nan mai kujeru biyu suna ƙara zuba ajiya, babu wanda aka tayar wa hankali da labarin da bai tambaya ba. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma ga cikin da ya tabbatar da haka. A ce wanda ya yi wannan shirun bai san sirri ba? Ya san shi sarai. Ya dai san wanda ya cancanci a rufa wa asiri, ya fara da na kusa, wato kansa.

Shirun kuwa ya yi albarka, kamar yadda haƙuri ya saba yi. A cikin 2019 ɗin nan, bayan kutsen, kamfanin zuba jari na Intera Partners ya sayi kaso mafi tsoka na Vastaamo. Ciniki ya faɗa lami lafiya, babu wanda ya ɓata zaman da zancen wata wasiƙa da aka tsinta a kwamfuta. Daga baya mai sayen ya garzaya kotu yana cewa ba a gaya masa ba, har aka riƙe kadarorin miliyoyin yuro na masu sayarwar. Haka mutane suke. Ka kare su daga damuwa, su saka maka da sammaci.

A ƙarshen Satumba 2020 baƙon da ya ci tuwo ya dawo gaisuwa. Ya aiko wa kamfanin saƙo yana neman bitkoyin 40, kimanin yuro 450,000 a lokacin. Sai a nan aka kira 'yan sanda. Marasa lafiya kuwa aka ƙara musu makonni uku na kwanciyar hankali, sai 21 ga Oktoba aka fito aka faɗa wa duniya. Da ba a biya ba, mutumin, wanda ya sa wa kansa suna ransom_man, ya fara sakin fayil 100 kowace rana a wani dandali na ɓoye a kan Tor, da alkawarin ba zai fasa ba sai an biya. A kwana na uku wani ƙaton fayil mai nauyin kusan gigabait 10 ya bayyana na ɗan lokaci, ɗauke da rumbun gaba ɗaya. Kafin a sauke shi, masu rabo sun kwafa.

Sai yammacin Asabar, 24 ga Oktoba. Mutum yana gida, ya gama cin abinci ko yana shirin kwantar da yara, wayarsa ta yi ƙara. Imel ne. Ya buɗe ya ga cikakken sunansa, ya ga lambarsa ta ɗan ƙasa, wadda ba kowa ya sani ba. Saƙon ya gaya masa cewa tunda kamfanin ya ƙi biya, shi zai biya: yuro 200 na bitkoyin cikin awa 24, in ya wuce haka kuɗin ya koma 500, in ya ƙi kuma a baza duk abin da ya faɗa wa mai jinyarsa. Dubban mutane suka sami wannan saƙo a dare ɗaya. A duba irin hidimar da tsarin Vastaamo ya sawwaƙe. Da an raba suna da labari, da mai aikawa ya rasa wanda zai aika wa. Da an juya rubutun zuwa zaurance, da ya rasa abin da zai yi barazana da shi. Amma saboda kyawun jeri da tsabtar ajiya, kowane wanda aka aika wa ya sami wasiƙarsa da sunansa. Gidan waya na Finlan, da duk shekarunsa, bai taɓa raba saƙo daidai haka ba.

Ƙasa ta girgiza. Layukan agajin gaggawa suka cika, ministoci suka yi zaman gaggawa ranar Lahadi, shugaban ƙasa Sauli Niinistö da firaminista Sanna Marin suka fito suka yi tir. Ƙorafe-ƙorafen da suka isa wurin 'yan sanda suka haura 20,000, har shari'ar ta zama wadda ta fi kowace yawan waɗanda aka zalunta a tarihin ƙasar. Wane kamfani ne, cikin masu kulle ƙofofinsu, ya taɓa tara ministoci ranar hutu? Wane ne ya sa gwamnati ta shiga gyaran doka domin a sauƙaƙa wa mutum sauya lambarsa ta ɗan ƙasa? Sai dai an sami wasu 'yan ƙasa masu taurin kai da suka yi ta kiran juna kada kowa ya karanta, kada kowa ya yaɗa, suka mai da hannun kyauta baya. Ba a rasa irinsu a kowace al'umma.

Lauyoyin da suka tsaya wa mutanen sun shaida cewa akwai waɗanda suka kashe kansu bayan bayanansu sun fita. Mutane ne da suka je Vastaamo domin su rayu.

Gwarzo kuwa bai gudu ya bar jama'arsa ba. Hukumar gudanarwarsa ta sallami shugaban kamfanin tana zarginsa da ɓoye kutsen 2019, aka buɗe layin waya, sannan aka yi shelar kyautar da ta rufe bakin duk mai ƙorafi: kowane wanda abin ya shafa yana da zaman jinya guda ɗaya kyauta, kuma an yi alkawari ba za a rubuta abin da aka faɗa a zaman ba. Kai, madalla da wannan hikima! Shekara 12 ana sana'a kafin a kai ga gano ta. Masana tsaro sun cika littattafai da dabaru, sun ƙona kuɗi a kan katangu da makullai, Vastaamo ya zo a taƙaice ya nuna musu cewa bayanin da ya fi kowane tsira a hannunsa shi ne wanda bai shiga hannun nasa ba. Kuma a dubi tausayin: wanda gidan nan ya jefa cikin damuwa, gidan nan ne zai saurare shi, ba sai ya je wurin bare ba, sau ɗaya, ba ko sisi.

Shi baƙon ba za mu daɗe a kansa ba, kada ya rage wa mai gida haske. Kotu a Finlan ta ce Aleksanteri Kivimäki ne, matashin da tun a 2015, yana ɗan shekara 17, aka same shi da laifin kutse sama da 50,000 aka yi masa ɗaurin jeka-ka-gyara-halinka. A garin sakin ƙaton fayil ɗin nan ya haɗa da tarkacen kwamfutarsa, masu bincike suka bi zaren. An kama shi kusa da birnin Faris a Fabrairu 2023, a Afrilu 2024 kotu ta yanke masa shekara 6 da wata 3, shi kuwa ya musanta ya ɗaukaka ƙara. Ana kiransa gwanin kutse, amma a yi adalci. Kutse sai da katanga. Wanda ya tarar da zaure a buɗe, fitila a kunne, kaya a ɗaure an rubuta sunan kowa a jiki, rabin aikinsa mai gida ne ya yi masa.

Ba a sarki sai da fadawa, kuma Vastaamo yana da takwarorin da ba za a ji kunyar jera su da shi ba. Ga Change Healthcare na Amurka, giwa mai tafiya da kasaita, reshen UnitedHealth, wanda kuɗin shigarsa a 2023 ya haura dala biliyan 370. Masu kutse sun shiga ranar 12 ga Fabrairu 2024 da sunan shiga da kalmar sirri na sata, ta wata ƙofar Citrix da ba a ɗora mata tabbaci na biyu ba, wato 'yar lambar nan da ake turo wa mutum a waya, wadda ko bankin unguwa yana tambaya kafin ka tura kuɗin cefane. Suka yi kwana 9 a ciki suna zagaye a natse kafin su kulle komai. Kantunan magani da asibitoci a faɗin ƙasar suka rasa yadda za su karɓi kuɗin inshora. Shugaban UnitedHealth na lokacin, Andrew Witty, ya zauna gaban majalisar dattawa ranar 1 ga Mayu ya tabbatar da bakinsa cewa ƙofar ba ta da tabbacin, kuma an biya fansar dala miliyan 22. Shugabannin gungun masu kutsen suka naɗe kuɗin suka ɓace ba su sallami yaron aikinsu ba, bayanan suka sake fitowa a hannun wani gungu ana neman sabon kuɗi. Mutum kimanin miliyan 190 abin ya shafa, fiye da rabin Amurka. Wannan ita ce tattalin manya: ka tsimi 'yar lamba shida, ka yi sadakar miliyan 22.

Ga Medibank na Ostireliya, wanda a 2022 aka kwashi bayanan mutum miliyan 9.7 daga hannunsa, masu kwasar suka ware sunayen matan da suka zubar da ciki a fayil guda, masu fama da giya a wani, suka baza. Hukumar kare bayanai ta ƙasar ta kai shi kotu tana zargin shi ma bai wahalar da masu shiga da tabbaci na biyu ba. Ga kuma BetterHelp, mai jinyar damuwa ta intanet, wanda ya fi su duka sanin darajar lokaci, domin shi bai jira ɓarawo ba. Hukumar kasuwanci ta Amurka ta zarge shi da miƙa adireshin imel da amsoshin tambayoyin lafiyar masu neman taimako ga Facebook da Snapchat domin talla, bayan ya yi musu alkawarin sirri, aka sasanta a 2023 a kan dala miliyan 7.8. Kowannensu gwani ne a fagensa. Amma dukkansu sun sa wani abu a ƙofa, ko da kara ne. Kambun yana nan a Helsinki.

Mu ma nan gida, yanzu da asibitoci suke sauka daga kati da fayil suna hawa kwamfuta, an fara ɗaura wa masu kyauta takunkumi. Dokar lafiya ta Najeriya ta 2014 ta hana fitar da bayanin mara lafiya sai da dalilin da doka ta yarda da shi, dokar kare bayanai ta 2023 kuma ta sa bayanan lafiya cikin masu tsananin sirri, har ta ɗauko wa'adin nan na awa 72. Kada wannan ya karya gwiwar mai son bin sawun manya. Kalmar sirri ɗaya ta ishi ma'aikata duka, a rubuta ta a 'yar takarda a manna a goshin kwamfuta don kada wani ya manta. Sakamakon gwajin jini kuwa a ɗauke shi hoto a jefa a zauren WhatsApp, mai shi zai gane nasa, sauran kuma su ƙaru da ilimi.

A Fabrairu 2021 aka ayyana Vastaamo ya karye, wata huɗu bayan duniya ta san girmansa. A Disamba na shekarar hukuma ta ci shi tarar yuro 608,000, saboda sakaci da tsaro da kuma ƙin sanarwa a kan lokaci. Ko a nan sai da martabarsa ta yi aiki: tarar ta iske shi ya riga ya kwanta dama, kuma a dokar karyewar kamfani irin wannan tara ita ce ta ƙarshe a layin masu bin bashi. Hukunci ya zo da rawaninsa da sandarsa, aka nuna masa bayan layi ya je ya tsaya.

Kamfanoni da yawa sun mutu an manta da su, ginin ya zama kanti, allon sunan ya yi tsatsa. Vastaamo, magajin dawwama, ya bar aikin da ba ya tsufa. Katin banki in an sace, a toshe shi a ba ka sabo. Lambar ɗan ƙasa ma, albarkacinsa, yanzu tana sauyuwa. Amma abin da yarinya 'yar shekara 15 ta faɗa game da gidansu yana nan yadda ta faɗe shi, zai jira ta ta gama makaranta, ta nemi aiki, ta yi aure, ta tsaya takara in ta so. Rumbun yana yawo a intanet, an kwafe shi hannu da hannu, babu kotun da za ta iya kiran kwafin su dawo. Wani bawan Allah ma ya ɗora masa injin bincike, domin kada mai neman labarin maƙwabcinsa, ko tsohuwar matarsa, ko wanda ya zo neman aiki a wurinsa, ya sha wahalar buɗe fayil 33,000 ɗaya bayan ɗaya. Suna kawai zai rubuta.